Me ya sa matuƙin teku ke neman makwanci tun rana ba ta faɗi ba, kuma me ya shafi masu fito a Gongola?

Duk lokacin da aka ce jirgin ruwa ya kife da mutane, tambayar farko da ake yi a majalisu da gidajen rediyo da shafukan Facebook na Gombe ita ce: da ƙarfe nawa abin ya faru? Idan aka ce da dare ne, sai kowa ya kaɗa kai kamar an gama bincike. Haka aka yi a watan Yunin 2023, da jirgin 'yan biki ya kife a yankin Patigi na jihar Kwara, mutum sama da 100 suka rasu. Haka kuma aka yi a farkon Oktoban 2024, da jirgin mahalarta Mauludi ya nutse a yankin Mokwa na jihar Neja. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, ta daɗe da hana tafiyar dare, kuma bayan kowane haɗari takan sake nanata hanin.

Sai dai akwai masu mayar da tambaya: ai manyan jiragen teku ba dare ba rana suke tafiya, su yi makonni ba su tsaya ba, to ina laifin dare? Tambayar tana kan hanya. Amsarta tana wurin mutanen da sana'arsu ke nan tun shekaru aru-aru, wato matuƙan ƙananan jiragen da ke bin gaɓar teku, su yi tafiya da rana su nemi wurin kwana kafin magariba. Wanda ya fahimci yadda suke zaɓen wurin kwanan nan zai gane abin da dokar hana tafiyar dare ta kama daidai, ya kuma gane abin da ta bari a baya.

Tafiyar gaɓa daban, tafiyar tsakiyar teku daban

Jirgin da ya yi nisa cikin teku ba shi da abin da zai buga. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ya kai zurfin dubban mitoci, babu dutse, babu tudun yashi, babu ragar masunta. Yana da ma'aikata masu karɓa-karɓa, wasu na barci wasu na tsaro, ga na'urar hango abin da ke gaba ko da cikin duhu. Shi ya sa dare ba ya tsayar da shi.

Jirgin da ke bin gaɓa kuwa kullum yana kusa da abin da zai iya fasa shi. Yawancin irin waɗannan jirage ƙanana ne, masu babban ƙyallen da iska ke turawa ko ɗan inji, mutum biyu ko uku ne a ciki, kuma ba su da sauri. A teku ana auna nisa da mil na teku, wanda ya kai mita 1,852. Ƙaramin jirgi mai ƙyalle yakan yi kamar mil biyar a awa, wato ɗan sama da kilomita tara. Idan ya samu awa goma na haske, abin da zai ci bai wuce kilomita 90 da 'yan kai ba. Ko nisan Gombe zuwa Bauchi bai kai ba.

Saboda haka tun da asuba matuƙi yake yanke shawarar inda zai kwana. Yakan duba taswirar teku ya zaɓi wurin da zai isa da sauran rana, ya kuma ajiye na biyu da na uku a ransa, ko iska ta mutu a hanya ko ta juya masa. Tsofaffinmu da suka yi fatauci sun san wannan lissafi sarai. Madugu ba ya jira rana ta faɗi sannan ya tambayi inda zango yake. Tun kafin a ɗaura wa jakuna kaya ya san zangon da za a sauka, da ruwan da ke wurin, da wanda ake bari idan tafiya ta yi nawa.

Abin da ake nufi da mafaka

Mutumin tudu yakan ɗauka duk inda ƙasa take, tsira ce. A wurin matuƙi ba haka abin yake ba, domin gaɓa ce ke cinye jirage fiye da tsakiyar ruwa. Abin da yake nema shi ne wurin da ƙasa ta shiga tsakaninsa da iska: bayan tsibiri, ko bayan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, ko lungun da tudu ya kewaye, ko cikin bakin kogi, ko tashar da aka gina wa katangar duwatsu.

Dalili shi ne yadda igiyar ruwa ke tashi. Abu uku ne ke ƙara mata girma: ƙarfin iska, da tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratsa ba tare da wani abu ya tare ta ba. Wannan na uku shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. Iskar da ta fito daga tudu ta sauka kan ruwa, a bakin gaɓa ba ta da filin da za ta tayar da komai, ruwan na nan kwance. Iskar nan dai, idan ta ratsa kilomita ashirin ko talatin a kan ruwa, sai ta isa ɗaya gaɓar da igiyoyi masu iya cika kwalekwale. Gaɓar da iska ke fitowa daga gare ta ita ce mafaka. Wadda iska ke tura jirgi zuwa gare ta kuwa ita ce matuƙa suka fi tsoro a duniya, domin da zarar inji ya mutu ko anka, wato ƙugiyar tsayar da jirgi, ta sulluɓe, ba abin da ya rage sai jirgi ya haɗu da dutse.

Wannan na nufin ba a cewa wuri kaza mafaka ne, a yi shiru. Sai an tambaya: daga wace iska? Lungun da ya kare jirgi daga iskar kudu maso yamma a buɗe yake ga iskar gabas. Mu a nan mun san hadarin damina daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa, kuma irin wannan hadari yana ratsa Afirka ta Yamma har gaɓar teku, musamman a farkon damina da ƙarshenta. Matuƙin da ya kwanta da yamma cikin natsuwa yana iya farkawa tsakar dare ya tarar iska ta juya, wurin da ya ɓuya ya koma tarko. Shi ya sa gwani ba ya kwanciya sai ya san ta inda zai fita cikin duhu idan ta kama.

Akwai kuma iskar da ke juyawa kullum ko babu hadari. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, sai iska ta riƙa busowa daga teku zuwa tudu, ta fi ƙarfi bayan azahar. Da dare ƙasa ta huce, sai iskar ta koma daga tudu zuwa teku. Masunta a ƙasashe da yawa da wannan suke aiki, su fita kafin asuba iskar tudu na tura su, su dawo da yamma ta teku na rako su gida.

Wani abin da ya keɓanta da teku shi ne dogayen igiyoyin da ke zuwa daga nesa. Guguwa takan tashi can kudancin tekun Atilantika, dubban kilomitoci daga Najeriya, igiyoyinta su yi kwanaki suna tafiya har su iso gaɓar Legas, alhali a Legas ko ganye ba ya motsi. A ruwa mai zurfi ba sa cutar da kowa, jirgi ya hau ya sauka kawai. Da sun iso wuri marar zurfi sai su miƙe tsaye su karye. Suna kuma iya kewaya tsinin ƙasa su shiga lungun da ake zaton a rufe yake, su hana mutanen jirgi runtsawa har gari ya waye.

Ruwan da ke cikowa yana janyewa

Wannan shi ne abin da ya fi ba mutumin Arewa mamaki ranar da ya fara zama a bakin teku. Kogi yakan cika da damina ya ja da rani. Teku kuwa a yawancin gaɓoɓi sau biyu take cikowa sau biyu take janyewa a kowace kwana ɗaya, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25. Jan da wata ke yi wa ruwan duniya ne babban dalili, rana kuma ta taimaka. Idan wata ya tsaya, da kuma daren sha huɗu, bambancin cika da janyewa yakan fi girma. A tsakaninsu sai ya ragu. A Legas bambancin kamar mita ɗaya ne, yana ƙaruwa idan aka nufi gabas wajen Kalaba. A mashigin Fandi na ƙasar Kanada yakan kai mita 16.

Matuƙa suna da wani lissafi na ka da suke yi. Sukan raba dukan hawan ruwan kashi goma sha biyu. A awa ta farko kashi ɗaya ke hawa, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, ta biyar biyu, ta shida ɗaya. Wato idan ruwan zai hau mita uku, a awa ta farko santimita 25 kawai zai ƙaru, amma a ta uku zai ƙaru da 75. Amfaninsa shi ne sanin lokacin da za a iya tsallake tudun yashin da ke bakin shiga, da kuma sanin ko wurin da ke da isasshen ruwa da magariba zai kasance da shi da ƙarfe biyu na dare. Wanda ya yi kuskuren wannan lissafi sai ya farka ya ga jirginsa ya kwanta a kan taɓo, ko ya karkace a kan dutse.

Anka da abin da ke riƙe ta

Anka ita ce ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi. Mutane da yawa suna zaton nauyinta ne ke riƙe jirgi. Abin da ke riƙewa shi ne nutsewar da haƙoranta ke yi cikin ƙasa, kuma ba sa nutsewa sai an ja ta a kwance. Idan aka ja ta a tsaye sai ta tumɓuke, kuma da haka ne ma ake ciro ta da safe. Don haka ake sakin sarƙa mai tsawo, ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin, idan igiya ce har ninki bakwai, a ƙara idan ana tsammanin iska.

A ɗauki misali. An sami wuri mai zurfin mita huɗu lokacin da ruwa ya janye, ana sa ran zai hau mita biyu cikin dare, goshin jirgi kuma ya ɗara ruwa da mita ɗaya. Mita bakwai ke nan. Ninki biyar ya ba da mita 35 na sarƙa. Kuma tunda jirgi zai riƙa kewaya ankarsa duk inda iska ta juya, dole a tabbatar babu dutse ko wani jirgi a cikin wannan da'irar gaba ɗaya.

Irin ƙasar ma abin dubawa ce. Taɓo mai ɗan tauri da yashi suna riƙo sosai. Ciyawar ruwa takan hana haƙoran anka kamawa, dutse kuwa ko ya ƙi kama ta ko ya kama ya ƙi saki. Bayan an jefa, matuƙi yakan ja jirgi baya a hankali don ta nutse, sannan ya zaɓi abu biyu a tudu da suka yi layi ɗaya, kamar bishiya da wani gini a bayanta. Idan ya farka ya ga sun rabu, ya san anka tana ja. Duk wannan aiki da ido ake yinsa, kuma a ƙasashenmu masu kusa da tsakiyar duniya, daga faɗuwar rana zuwa duhu bai wuce minti ashirin da wani abu ba.

Abin da dare ke ɗaukewa, da abin da fitila ke mayarwa

Dare ba ya ƙara wa ruwa zurfi ko iska ƙarfi. Abin da yake yi shi ne ya ɗauke ido: launin ruwan da ke nuna wuri marar zurfi, kumfar da ke nuna dutse, kututturen da ke yawo, hadarin da ke haɗuwa a gabas. Ya kuma zo daidai lokacin da matuƙi ya gaji. Mafi muni, idan abu ya faru ba mai gani balle ya kawo ɗauki, kuma kan mutum a cikin ruwa da dare ko da tocila da wuya a hango shi.

Ƙasashen da ke da teku sun magance wani ɓangare na wannan da fitilu. Kowace hasumiyar gaɓa tana da nata salon walƙiya, wata sau biyu ta huta, wata sau uku, an rubuta a taswira, don matuƙi ya ƙirga ya san inda yake. Hanyar shiga tasha ana jera mata alamomi masu shawagi. A Afirka da Turai mai shigowa yakan bar ja a hagunsa kore a damansa. A nahiyar Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin akasin haka ne. A wasu tashoshi akan kafa fitilu biyu a tudu, ɗaya a bayan ɗaya kuma ta fi ta tsawo, muddin matuƙi na ganin ta sama daidai kan ta ƙasa to yana tsakiyar hanya. Dokokin kauce wa karo a teku na shekarar 1972 sun ce jirgi mai tafiya ya kunna ja a hagu, kore a dama, fari a baya, wanda ya jefa anka kuma ya ɗaga farar fitila da za a gani ta kowane gefe. Har ɗan kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu dokar ba ta manta da shi ba: ya riƙe tocila ko fitila a kusa, ya haska kafin a buge shi. Akwai kuma tasha ta 16 a rediyon jirage, wadda aka keɓe don kira da neman agaji.

Duk da waɗannan, ƙa'idar da ake koya wa sabon matuƙi ita ce kada ya shiga tashar da bai sani ba cikin duhu idan yana da zaɓi. Fitilun gari sukan haɗiye na tasha, wata alamar ta mutu ba a gyara ba, na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan adam kuma tana faɗin inda jirgi yake amma ba ta san yashin da ya matsa bayan an zana taswira ba. A gaɓarmu akwai ƙarin matsalar hazon hunturu, wanda kan sauka har teku ya rufe gani da rana tsaka.

Hanyar da alhazanmu na da suka bi

Wannan ilimi ba baƙo ba ne ga tarihinmu. Kafin jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa da Borno ta ƙasa suke bi, su ratsa Chadi da Darfur su kai Sawakin a gaɓar Sudan, daga nan su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, nisan kusan kilomita 300. Bayan yaƙin Burmi na 1903, a nan ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, jama'a da yawa wannan hanya ta gabas suka bi, wasu suka zauna a Sudan har yau.

Gaɓoɓin Bahar Maliya cike suke da duwatsun murjani da ke laɓe dab da saman ruwa. Ana gane su ne da launi: ruwa mai zurfi shuɗi ne sosai, marar zurfi ya yi kore, kan murjani kuma ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan launi ba ya fitowa sai rana ta ɗaga kuma tana bayan mai kallo. Saboda haka jiragen katako da ke bin gaɓar da rana suke tafiya, wani ya hau sama yana duba ruwa, su shige ɗaya daga cikin ƙananan lungunan gaɓar tun la'asar ba ta yi sanyi ba. Matafiyin nan ɗan Andalus, Ibn Jubair, ya tsallaka daga Aizab, wata tsohuwar tasha a gaɓar Afirka ta Bahar Maliya, zuwa Jidda a shekarar 1183 cikin jirgin da aka ɗinke katakansa da igiyar ɓawon kwakwa, ba ƙusa ko ɗaya, kuma tafiyar ta ɗauke su kimanin mako guda saboda iska da murjani. Ni a ganina abin lura ne cewa addu'ar da muke yi idan za mu hau jirgi, wadda ke cikin Suratu Hud, ta haɗa gudun jirgin da tsayuwarsa a wuri ɗaya.

Gaɓar Najeriya ba ta da yawan wurin kwana

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, amma yawancinta yashi ne miƙaƙƙe da dazukan fadama, ga waɗancan dogayen igiyoyi suna dukanta dare da rana. Wurare irin su Firitawun a Saliyo, inda Allah ya yi tasha mai faɗi da zurfi, kaɗan ne a Afirka ta Yamma. Shi ya sa a da manyan jirage kan tsaya can nesa da Akara ta ƙasar Ghana, a yi ta jigilar kaya da mutane da kwalekwale ta cikin igiyoyi, har sai da aka gina tashar Takoradi a 1928 da ta Tema a 1962.

Mafakar da ke akwai a gaɓarmu bakunan koguna ne, kuma kusan kowanne yana da tudun yashi a ƙofarsa. A nan ruwan kogi mai fita ke karo da igiyar teku mai shigowa, musamman lokacin janyewa, wurin ya yi ta tafasa. A Legas sai da Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu biyu a farkon ƙarni na 20 kafin manyan jirage su iya shiga. Katangun sun yi aikinsu, amma sun tare yashin da teku ke turawa daga yamma zuwa gabas, ya taru a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma teku ta yi ta cin gaɓar unguwar Biktoriya shekara da shekaru. Hanyar shiga Warri ta Eskirabos har yanzu sai ana yashe ta.

Ranar da shiga ta fi tsayawa a waje haɗari

A nan ne maganar ke da fuska biyu. Idan guguwa ta riga ta kama jirgi, kuma ƙofar tasha tana fuskantar iska, gwanaye sukan juya baya ga ƙasa su nufi ruwa mai zurfi, su kwana suna fama har gari ya waye. Wahala ce, amma ta fi a tunkari tudun yashi cikin duhu da igiya a baya. Mafaka tana amfani ne ga wanda ya shige ta kafin a fara.

Akwai kuma nauyin da ke kan mutanen tudu. Tsohuwar al'adar teku ce cewa ba a korar jirgin da ke cikin matsala. A watan Nuwamban 2002 jirgin dakon mai mai suna Prestige ya tsage a kusa da gaɓar Sifaniya, hukumomi suka hana shi shiga mafaka don tsoron gurɓata gaɓa, aka ja shi zuwa tsakiyar teku, ya karye biyu ya nutse, man ya wanke gaɓar da ake son karewa. A shekarar da ta biyo baya hukumar sufurin teku ta duniya ta fitar da ƙa'idoji kan wuraren ba da mafaka. A 2002 ɗin dai, ranar 26 ga Satumba, jirgin fasinja na Senegal mai suna Joola ya kife da dare a gaɓar Gambiya, mutum sama da 1,800 suka rasu. An ɗora masa fiye da ninki uku na abin da aka gina shi ya ɗauka, iska ta same shi cikin duhu, agaji bai iso ba sai da gari ya waye. Dare ya yi nasa, amma lodin ne ya fara.

Idan aka dawo Gongola

A Gombe ba mu da cikowa da janyewar teku, ba mu da murjani. Amma tafkin Dadin Kowa, wanda ya taru a bayan madatsar da ke kan kogin Gongola, yana da faɗin da iska za ta tayar da igiya a kansa, kuma ƙa'idar gaɓar da ke karewa da wadda ke kisa tana aiki a can kamar yadda take aiki a teku. Ruwansa yana hawa da sauka da damina da rani da kuma buɗe ƙofofin madatsa, wurin da aka wuce lafiya a watan jiya ya zama tudu ko kututture a wannan watan. Ga dorinar ruwa, wadda mutanen Hinna da kewaye suka sha kuka da ita, kuma da dare take fitowa kiwo. Daga Nafaɗa zuwa Kupto akwai garuruwan da idan kogi ya kawo, kwalekwale ne hanyarsu ta kasuwa da asibiti. Haka abin yake a Bauchi, a garuruwan da ke bakin kogin Jama'are.

Hujjar hukuma tana da ƙarfi, kuma ina tare da ita a kan asalin hanin. Kogunanmu ba su da alamomi, kwalekwalenmu ba su da fitila, masu ceto ba sa iya aiki cikin duhu. Duk abin da ya sa babban jirgi ke iya tafiyar dare, babu ko ɗaya a nan.

Amma masu fito da fasinjojinsu su ma suna da tasu. Kasuwar ƙauye ba ta watsewa sai yamma, mai fito kuma ba ya tashi sai jirgi ya cika. Matar da ta sayar da kayanta da la'asar sakaliya, ta bar yara a tsallake, a ina za ta kwana? Masunci da yamma yake zuba raga, da asuba ya ɗebe. Naƙuda ba ta duba agogo. A wasu jihohin ma tsoron 'yan bindiga a hanya ne ke tura mutane kan ruwa cikin dare. Matuƙin teku yana iya bin ƙa'idar tsayawa kafin magariba ne domin akwai inda zai tsaya: tasha da aka sani, mai fitila, mai tsaro, mai wurin ɗaure jirgi. Mu kuwa mun ɗauko umarnin tsayawa, mun bar wurin tsayawar. Yawancin kwatocin jiragenmu gangaren laka ne kawai, babu rumfa, babu haske, babu wanda ke rubuta wa ya tashi da mutum nawa.

Abin da zai iya biyo baya ga talaka

Idan aka tsaurara hanin ba tare da an gyara kwata ba, abu biyu ne suka fi yiwuwa. Na farko, jirgin ƙarshe kafin magariba zai riƙa ɗaukar lodin jirgi biyu, tunda ba wanda ke son a bar shi. Wato an rage haɗarin duhu an ƙara na lodi. Na biyu, masu tafiyar dare ba za su daina ba, za su koma tashi daga lungunan da jami'ai ba sa zuwa, su kashe tocila don kada a gan su, kuma idan abu ya faru a yi jinkirin kai rahoto don tsoron kamu. Kuɗin fito ma zai iya hawa, domin sawun da mai jirgi ke yi a rana ya ragu.

Abin da zai sa hanin ya zauna ba shi da tsada kamar gina gada. Fitila mai aiki da hasken rana a kan dogon ƙarfe a kowace babbar kwata, biyu a jere inda hanyar shiga ke da kututture. Rumfa mai ƙofa da mata da yara za su iya kwana a ciki ranar kasuwa. Lokacin tashin jirgin ƙarshe da sarkin ruwa da ƙungiyar masu fito da shugabannin kasuwa suka amince da shi, a sanar tun da safe, a sa jirage biyu a wannan sawun maimakon ɗaya. Layi da fenti a jikin kowane jirgi, wanda idan ruwa ya taɓa shi ba a ƙara ko buhu. Jirgi ɗaya mai inji da fitila da rigunan kariya da aka keɓe don marar lafiya cikin dare, da lambar wayar da kowa a garin ya sani. Tsofaffin masunta kuma sun san lungunan tafkin da ke karewa daga hadarin gabas da waɗanda ke karewa daga iskar hunturu, sun san inda kututture yake da inda dorina ke fitowa. Wannan sani a kawunansu yake, ya kamata ƙananan hukumomin Yamaltu Deba da Funakaye da Nafaɗa su zauna da su a zana shi, a kafa alamomi tun da rani, lokacin da ruwa ya ja kuma ana ganin abin da ke ƙasa.